Tun da injina ya sarƙe a Augie ban sake ƙera komai ba

Assalamu alaikum, Malam Abdussamadu.

Don girman Allah ka karanta takardar nan har ƙarshe, kada ka tura ta ƙasan sauran. Ina cikin damuwar da ba wanda zan gaya wa a garin nan ba tare da ta zama hirar tasha ba. Amma kafin in faɗe ta, ya kamata ka san wanda ke maka magana, kada ka zaci wani rago ne ya zo yi maka kuka.

Ni haifaffen Argungu ne, ɗan masunta. Na shiga sakandare, ina aji uku mahaifinmu ya rasu, na dawo gida. Ba wanda ya koya mini walda, da idona na ɗauke ta wajen masu gyaran motocin aikin hanya, na ƙona hannuna har na iya. Ni na ɗauki injin babur da kowa ya ce ya mutu, na ɗaura shi a bayan jirgin yayana, na sassaƙa masa farfela da hannuna, jirgin ya yi tafiya a gulbi ba sanda ba filafili. Ni na yi wa mata murhun duro na turara shinkafa wanda ba ya cin itace kamar na da. Ni na ƙera famfon lambu na ƙafa da sarƙar keke, wanda ya hutar da masu albasa daga jan jigo. Shagona na wajen Gwadangaji da gidana na Badariya, a nan Birnin Kebbi, ba gwamnati a ciki, ba kawu, ba ubangida. Allah ne, sai waɗannan hannuwa.

To wannan mutumin ne yau yake zaune gaban ƙarfe kamar wanda bai taɓa ganin ƙarfe ba.

Bari in fara daga famfon, don daga nan abin ya taso. Ina da taubashi, Sama'ila, ɗan Gwaggo Baiwa ƙanwar mahaifina. Shi ma walda yake yi, a Argungu. Tun muna yara ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Ranar da na gama famfon ya zo shago, ya zagaya shi, ya taka, ya ce abin banza ne amma zai tafi da ɗaya ya ɗaure akuya a jiki. Na yi dariya na bar shi ya ɗauka. Ka san abin taubashi. Ba a yi nisa ba sai ga famfona a lambunan Argungu har Augie, an sake masa fenti. Ya rage tsawon matakin, ya sa roba inda na sa fata. Ba zan ɓoye maka ba, nasa ya fi sauƙin takawa, har tsofaffi suna iyawa. Amma wa ya yi tunanin tun farko? Yanzu in ka je kasuwar Argungu ka ce kana son famfon ƙafa, sai a ce maka, ɗan Sama'ila kake nufi? Ɗan Sama'ila, Malam. Abin da na haifa.

Na kai ƙara wurin manyanmu. Dariya suka yi. Suka ce taubashi ba ya sata, ɗauka yake yi, kuma tun kakanni ba a taɓa kai taubashi gaban alƙali ba. Gwaggo ta ce in na ji haushi in je shagonsa ni ma in ɗauki abin da na ga dama. Me zan ɗauka a shagonsa? Guduma? Tun ranar na daina wasa da shi. Ko a suna muka haɗu ya ce bawana, sai in ce masa sannu Malam Sama'ila, in wuce. A danginmu wannan ya fi zagi, na sani, kuma da gangan nake yi.

Sai na ce ba za a sake yi mini haka ba. A da akwai benci a ƙofar shagona. Masu lambu, direbobi, mutanen Augie in sun shigo gari, duk nan suke zama, suna shan fura suna surutu, wannan ya ce bayansa ya ƙage da jigo, wancan ya ce matarsa ta ƙarar da itacen gida a kan shinkafa, su leƙa abin da nake yi su yi ta tsiya. Na ɗauke bencin. Na raba shagon biyu da kwano, na sa ƙofa da kwaɗo. Waje ina yin gadaje da tagogi da ƙofofin gida, abin da ake ci da shi. Ciki kuwa ba mai shiga, ko mai ɗakina Sadatu in ta aiko da abinci a waje ake ajiyewa.

A cikin nan na ƙera injin bugun shinkafa. Ganga ce ta ƙarfe mai haƙoran waya, tana juyawa a kan boris, mutum ɗaya yana taka feda, ɗaya yana miƙa dami. Ba mai, ba lantarki, ana iya ɗora shi a amalanke a kai shi har gona. Na daɗe a kansa. Da zan gwada, ban so in je gonar kowa a gani ba, sai na roƙi malamin gona ya samo mini dammunan shinkafa daga gonar gwaji ta gwamnati, irin gajerar nan, busasshiya ƙayau. Malam, da ka ga yadda ya yi aiki. Ƙwaya na zuba gefe, kara na fita gefe, tsaf. Malamin gonan shi kaɗai na bari ya leƙa, ya riƙe baki, nan take ya ce zai sa sunana cikin masu nuna kaya a baje kolin kayan gona na bikin kamun kifi na bana, wai har manya daga Sakkwato za su zagaya rumfuna. Na ce ya sa.

Da kaka ta yi, yayan Sadatu, Dankure, wanda ke noma a fadamar Augie, ya matsa in kawo injin gonarsa. Na ce to, ai lokaci ya yi da za a gani. Na yi masa fenti kore, na ɗora a akori-kura. Kafin in isa labari ya riga ni. Gona cike da mutane, mata masu bugu sun ajiye sandunansu sun zauna kallo. Har da Sama'ila, wanda ban gayyata ba, ya zo a babur ya jingina da itace yana cin rake.

Malam, ni ɗan ruwa ne, ban taɓa riƙe lauje na yanki shinkafa ba. Na ci ta tun ina yaro, na ratsa ta da jirgi ba adadi, na san tana bin ruwa tana tsawo in gulbi ya cika. Na sani sarai. Amma ina cikin ɗakin nan a kulle, ko sau ɗaya abin bai faɗo mini ba. Shinkafar fadamar Augie karanta ya fi mutum tsawo, kuma a cikin ruwa ake yankan ta, tana zuwa da danshi, ga taushi ga tauri kamar igiya. Dami na farko da Dankure ya miƙa, karan ya naɗe gangar, ya shige tsakanin ta da boris. Feda ta yi nauyi. Maimakon in tsaya, sai na hau da ƙarfina duka. Sarƙa ta tsinke, na zauna daɓas a cikin taɓo.

Sai muryar Sama'ila daga gindin itace: "Kai bawana, wanga inji naka shinkahwa shika bugu ko igiya shika tubka? In igiya ta, aje muna shi nan, muna da awaki."

Gona duka ta ɗauka. Har Dankure ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Kuma ba wanda zai ce Sama'ila ya yi laifi, taubashi ne. Amma ka san abin da ya fi ci mini rai? Matan nan. Su ba su ma yi dariya sosai ba. Tashi suka yi suka ɗauki sandunansu suka ci gaba da bugu, kamar an ce musu hadarin ya wuce.

Na dawo da shi na lulluɓe da tamfol. Yau ga shi har an gama kaka an kai amfani gida, ban ɗaga tamfol ɗin ba.

Ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Ba faɗuwar ba ce kawai. Na sha faɗuwa. Ranar da na fara gwada injin jirgi, tashin farko ya cilla ni cikin gulbi shi ma ya biyo ni, masunta suka yi ta ihu, ni ma na fito ina dariya, na nutse na lalubo shi, kafin sati ya zagayo na gyara. A da in abu ya ƙi, har daɗi nake ji, kamar an ba ni wasa. A da ina tafiya a hanya sai in ga yadda wani ya ɗaure kaya a jaki, ko yadda ƙofar mota ke rufuwa, sai wani abu ya motsa a kaina, in ƙagu in isa shago. Ba agogo ko rediyon da ya shigo gidana ban kwance shi na ga cikinsa ba. Yanzu duk wannan ya ɗauke. In na shiga ɗakin na zauna, tunani na tasowa sai in ji dariyar nan ta riga shi. Na yi tunanin sa wuƙa a bakin injin ta riƙa datse karan kafin ya kai ganga. Na yi tunanin rufe gefen boris da faranti. Ko wutar walda ban kunna ba, sai wani abu ya ce mini, in wannan ma ya ƙi fa? Sai in fito in koma kan gadajen mutane. Ƙirjina yana nauyi, abinci ba ya shiga. Na je asibiti an ce jinina ya fara hawa. Wani malami ya ba ni rubutu na sha. Sadatu ta ce wai ba ta san ni da fushi da ƙarfe ba, da mutane ta san ni da shi.

Shin basira tana ƙarewa ne, Malam? Kowa da mudun da aka auna masa, in ya cinye shi ke nan? Ko shekaru ne? Ko baki ne ya kama ni, don mutane sun yi ta faɗin Labbo kaza Labbo kaza? Ko kuwa da ma can sa'a ce nake ta yi, ni kuma na ɗauka ƙwaƙwalwa ce? Wannan na ƙarshen shi ya fi tsorata ni. Domin in ka cire ƙere-ƙeren nan daga jikina, me ya rage? Mai walda wanda bai gama makaranta ba. Irina sun cika bakin titi.

Ana cikin haka, ran Juma'ar da ta wuce sai ga Gwaggo Baiwa da kanta, tsohuwa da ciwon gwiwa, ta shigo mota daga Argungu. Ta ce Sama'ila ne ya aiko ta. Wai tun ranar Augie ya ga inda matsalar take, kuma ƙaramin abu ne, amma ba zai faɗa ta bakin kowa ba sai na buɗe masa ƙofa ya gani da idonsa. Ta ce in ji tsoron Allah in daina raba mata zumunci a kan ƙarfe, ubana da ita ciki ɗaya suka fito. Na ba ta haƙuri, na raka ta tasha, ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ban sani ba ko gaskiya yake yi ko wata tsiyar ce yake shirya mini. In gaskiya ne kuma ya gyara, to an gama, gobe za a ce injin Sama'ila, kuma wannan karon har da hujja. In na hana shi, bikin yana matsowa, malamin gona ya riga ya kai sunana, ni kuwa kaina ya bushe. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, ai ba ƙarya na yi ba. Akwai kuma wata hanya da take ta yi mini raɗa. In gyara sarƙar kawai, in tafi da gajerar shinkafar nan busasshiya. A rumfar baje koli ba fadama, ba taɓo. Zai yi aiki tsaf gaban manya, a tafa, a ɗauki hoto. Mutanen Augie ne kaɗai za su san sauran labarin, su kuma wa zai tambaye su?

Ka gaya mini abin da zan yi. Ka gaya mini kuma ko abin nan da ya tafi yana dawowa.

Abu na ƙarshe. Na ga yadda kake sa wa masu rubuto maka Mai Damuwa daga wuri kaza, ko Wani Bawan Allah. Ni kada ka yi mini haka. Ban yarda ba. Ka rubuta sunana cikakke, da manyan baƙaƙe in da hali, ka rubuta cewa ni na fara ƙera famfon lambu na ƙafa a ƙasar Kabi, ni kuma na ƙera injin bugun shinkafa mai feda, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Jarida ba ta mantuwa kamar mutane. Ko na mutu, a samu wuri ɗaya da aka rubuta daidai.

Ni ne,
LABBO SAHABI ARGUNGU, mai walda, Birnin Kebbi.

*

Wa alaikumus salam, Malam Labbo.

Ga sunanka nan na sa, da manyan baƙaƙe yadda ka nema. Ni ban ga famfon ba, ban ga injin ba, saboda haka maganarka na buga a matsayin maganarka. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Jaridar nan tana zuwa Argungu, kuma wani zai karanta wa Sama'ila ita a ƙofar shagonsa kafin ta kwana. Abin da kake ɓoyewa a bayan kwano yanzu kowa ya ji shi, kuma daga bakinka. Ban ce ka yi kuskure ba. Ina ganin ma shi ne abu mafi ƙarfin hali da ka yi tun ranar Augie.

Kana da gaskiya a kan famfon. Wasan taubashi an yi shi ne don riga da hula da ƙwaryar fura, ba a yi shi don sana'ar da mutum ke ciyar da iyalinsa da ita ba. Manyanku sun auna sabon abu da tsohon ma'auni, suka yi dariya inda ya kamata su saurara. Ciwon da ka ji na gaske ne. Amma ka faɗa da kanka cewa nasa ya fi sauƙin takawa. Mutumin da ya kalli aikinka ya ga inda zai fi kyau ba ɓarawo ne kawai ba, yana da ido, kuma irin idon da kake bukata yanzu.

Game da tambayarka, a'a, basira ba mudu ba ce, kuma ba na jin taka ta tafi ko'ina. Ka sake karanta takardarka. Ka bayyana dalilin sarƙewar dalla-dalla, ka kawo dabara biyu na gyara, wuƙa da faranti. Kan da ya bushe ba ya yin haka. Tunanin yana zuwa, kai ne kake tare shi a ƙofa kana tambayarsa ko zai ba ka kunya. Ba dabarar da za ta iya amsa wannan tambayar kafin a gwada ta.

Abin da ya sauya halayenka ne, kuma hali ana iya maido shi. Labbon da ya faɗa gulbi ya fito yana dariya ba shi da sunan da zai kare, saboda haka kuskure bai fi ƙarfinsa ba. Labbon yau yana ɗauke da suna a ka kamar tulu, yana tsoron tuntuɓe. Duk mai ƙirƙira da na sani, maƙeri ne ko masaƙi ko marubuci, yana da haƙurin zama da abin da bai yi kyau ba tukuna, yana iya barin a gan shi a haka, kuma yana da kwaɗayin sanin dalili fiye da kwaɗayin yabo. Kana da waɗannan duka, an gan ka da su.

Sai maganar benci. Na yarda hannunka ne ya yi komai, ba mai ƙwace maka wannan. To amma wa ya gaya maka jigo yana ƙage baya? Wa ya gaya maka turara shinkafa na cinye itace? Masu surutun nan su ne suke kawo maka tambayoyi kyauta, kai kuma kana ba da amsa da ƙarfe. Da ka kore su, ka tsare sirrinka, amma ka rasa mai ce maka, Labbo, wace shinkafar za ka buga da wannan? Mutumin Augie ɗaya a kan bencin nan da ya faɗa maka tun kafin ka sayi fenti.

Yanzu ga abin yi, kuma lokaci bai ƙure ba. Ka fara da shan maganin asibiti yadda aka ce, don jini ba ya jiran biki. Gobe ka ɗaga tamfol. Ka aika wa Dankure ya nemo maka dammunan doguwar shinkafa da ba a buga ba, in sun bushe ka jiƙa su a duro su yi danshi kamar ranar yanka. Ka sa wa injin da niyyar ya sarƙe, kana taka fedar a hankali kana kallon inda karan ke fara kamawa. Ka warware, ka sake. Ka gwada wuƙar, ka gwada farantin, da tarkacen ƙarfe, ba ado ba fenti, don kada ka ji asara in ka cire. In ka samu hali ka je wurin matan nan masu bugu ka kalli yadda suke riƙe dami, wane gefe suke kai wa sanda, wane gefe ke zama a hannu. Ba raina ka suka yi ba ranar nan, aiki ne ke jiran su. Bencin kuma ka mayar da shi.

Sama'ila kuwa, ka buɗe masa, amma da sharaɗi, kuma a gaban Gwaggo Baiwa da malamin gona. Kafin ya shigo ka liƙa faranti a jikin injin da walda, da sunanka da shekarar da ka ƙera. Ka gaya masa a fili cewa ranar nan ba ranar wasa ba ce, kana so ya faɗa da bakinsa a gaban tsohuwarsa wanda ya fara famfon. Kai kuma ka yi alkawarin in dabararsa ta yi, za ka faɗa a ko'ina cewa wannan ɓangaren nasa ne. Abin da ka nema a yi maka ke nan, ba za ka hana wani ba. In tsiya ce ya zo da ita, yini ɗaya ka yi asara, kuma dangi sun ga ka yi naka. In kuma kana tsoron zai sake kwaikwaya, to zan gaya maka gaskiya, zai yi, wasu ma za su yi. Abin da ke hutar da manomi ba ya zama a shago ɗaya. Kana iya tambaya a ma'aikatar ciniki a Birnin Kebbi yadda ake rajistar ƙirƙira, ko da yake hanyar tana da tsawo. Kariyar da ta fi kusa ita ce a san ka a matsayin wanda ake zuwa wurinsa in ana neman sabon abu, kuma ba a sanin mutum haka ta bayan kwaɗo.

Hanyar nan mai raɗa kuwa, ta gajerar shinkafa, ka rabu da ita. Za a tafa maka, wani manomi ya yarda da tafin ya ɗauki injin ya kai fadama, ya sarƙe masa a tsakiyar kaka. A ranar sunan da ka matsa in buga zai zama abin da ake gargaɗi da shi. Kada kuma ka fake da ciwo. Ka je bikin ko an gama gyara ko ba a gama ba. Ka tafi da iri biyu, gajera da doguwa, busasshiya da mai danshi. Ka gaya wa jama'a wadda ya iya da wadda kake kan koya masa. In ya sake sarƙewa a gaban manyan Sakkwato, kada ka nemi tamfol. Ka durƙusa ka warware karan suna kallo, sannan ka ɗaga kai ka tambayi wanda ya fi kowa dariya abin da ya gani.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninka da ɗan gwaggonka. Allah ya sa matan Augie su huta da sanda ta dalilinka. Ka gaishe da Malama Sadatu.

Malam Abdussamadu